Set ɗin yanka tiredin katako na kanti da wanda mutum zai haɗa da hannunsa, ga abin da na gani

Jama'a duk kafintan da yake tunanin sayen set ɗin nan na yanka tiredi a jikin katako, wato haƙoran nan masu nannaɗewa irin na jikin bolti da noti, wanda ake sayarwa da akwatin katako mai hannu biyu da ƙarfen taf a kwali ɗaya, shawarata ita ce ya saya amma ya san abin da yake saye. Taf ɗin kaya ne mai kyau wallahi, akwatin kuma sai ka yi masa aiki kafin shi ya yi maka, sannan in burinka babban bayis na teburin aiki ne, wato abin da ke matse katako ya riƙe shi lokacin aiki, to wannan set ɗin ba zai kai ka can ba, dole ka haɗa naka. Na yi aiki da mai inci 1 sosai, na kuma haɗa babba da hannuna, shi yasa nake son in baje abin dalla-dalla dan mutane da yawa suna saye su gwada sanda ɗaya ta farfashe su jefar da shi gefe suna cewa kayan banza ne, alhali ba haka abin yake ba.

Abin da ke cikin kwalin ba shi da yawa. Akwai taf, ƙarfe ne mai haƙora da ake murzawa cikin rami ya yanka macen tiredin wato noti, bakinsa a tsuke yake yana faɗaɗa a hankali. Wasu set ɗin suna zuwa da taf na biyu mara tsukakken baki dan ramin da bai ɓulle ba, ya kai tiredin har ƙasa. Sai akwatin da ke yanka namijin, katako ne gida biyu a haɗe, na gaba raminsa sumul ne daidai kaurin sandar, na baya yana da tiredi a ciki na alminiyom, a tsakaninsu kuma wuƙa ce ƴar ƙarama mai baki kamar harafin V an ɗaure ta da wani lanƙwasasshen bolti. Kana murza akwatin a kan sanda wuƙar tana yanka kwari, kwarin da ta yanka yana shiga tiredin baya, shi kuma yana jan sandar gaba daidai gwargwado. Dabarar kenan gaba ɗaya, ba inji ba wuta. Irin waɗannan set ɗin suna zuwa daga rabin inci har inci 1 da rabi, mai rabin inci haƙora 8 ne a kowane inci, sauran kuma galibi haƙora 6 ne, kusurwar haƙorin digiri 60.

Bari in fara da taf tunda shi ne abin yabo. Ka huda rami inci 7/8 in set ɗin inci 1 ne, kusan ƙa'idar kenan a dukansu, ka rage 1/8 daga girman da aka rubuta, mai inci 3/4 raminsa 5/8, mai inci 1 da rabi raminsa inci 1 da 3/8. Ka ɗan kashe bakin ramin sama da ƙasa dan kar ya tsage lokacin shiga da fita, ka zuba mai, ka tsayar da taf ɗin cak. Murɗa biyun farko su ne komai, in ya shiga a karkace to haka zai tafi har ƙarshe ba abin da zai dawo da shi, sai ka dinga duba shi da sikwaya ta gefe biyu. Daga nan sai murzawa, ka yi gaba ka ɗan dawo baya kaɗan dan dusar ta saki, ka ci gaba. Abin da ya fito min a katako mai tauri tsaf yake, haƙora a jere ba ɓalli, ka zura yatsa ka ji santsi. Sharaɗi ɗaya ne kawai, ramin ya ratsa ta fuskar katako, ya gicciye jijiyarsa. In ka huda ta kan katakon inda jijiyoyi suka ƙare to haƙoran marmashewa za su yi komai kyawun taf ɗin, wannan ba laifin kamfani bane halin itace ne.

Akwatin ne inda magana take. Yadda ya zo min wuƙar ba ta da kaifi, an dai gurza ta da inji an bar ta da zane-zanen dutse a baki, kuma zamanta bai yi daidai da tiredin da ke bayanta ba. Takardar da ke ciki kuma ba ta ce komai a kan wannan ba, layi kaɗan ne na ka sa sanda ka murza. Wannan shi ne babban ƙorafina a kan kayan, dan sabon shiga ba zai taɓa sanin cewa matsalar daga wuƙa take ba, zai ɗauka hannunsa ne ko katakonsa. Sandar da aka murza da wuƙar a yadda ta zo, haƙoranta duk a ɓalle suke, wani wurin ma an kwashe su gaba ɗaya sai kwari kawai, abin da ke fitowa ta tagar akwatin gari ne da gutsattsari.

Gyaran ba wuya amma yana son natsuwa. Kafin ka kwance wuƙar ka ja layi da fensir inda take zaune. Ka wasa gefunan waje biyun a dutse mai laushi kowanne daidai da ɗan'uwansa, kar ka canza kusurwar da aka yi mata, cikin V ɗin kuma ka shafe shi da siririn dutse ko ka naɗe samfefa mai laushi sosai a kan katakon da ka fere ya shiga ciki, ƙaiƙayin ƙarfen kawai zaka cire. Akwai wani abu da ke faruwa da duk wuƙa mai wannan siffar, in ka wasa gefe biyu sai wani ɗan tsini ya fito a daidai ƙasan V ɗin yana leƙo gaba, saboda cikin kusurwar a ɗan zagaye yake ƙarfen wurin ya fi kauri. Wannan tsinin yana kama katako yana yagawa. Maganinsa ka ɗan zagaye ƙashin bayan wuƙar a dutse a hankali har tsinin ya ɓace. Ka gwada ta a kan guntun katako ka gicciye jijiya da hannu, in ta yanka kwari mai sheƙi ba tare da ta ɗaga gefe ba to ta yi.

Sai zama. Tsinin wuƙar dole ya zo layi ɗaya da kan haƙorin tiredin alminiyom ɗin, kuma ya ɗan fi shi leƙowa cikin ramin da kaɗan, kaɗan ɗin nan kamar kaurin takarda biyu. In wuƙar ba ta leƙo sosai ba kwarin zai yi gajere, sandar ta shiga tiredin baya ta cije, kana ƙara ƙarfi tana murɗewa. In kuma ta leƙo da yawa haƙoran za su fito da tsini kamar reza su dinga karyewa, sandar kuma ta yi lako-lako a cikin noti. Haƙori mai kyau yana da ɗan fili a kansa, ba tsini ba. Hanya mafi sauƙi in kana da guntun sandar da aka riga aka yanka mai kyau, ka murzo ta daga baya har ta iso wurin wuƙar, ka kwantar da wuƙar cikin kwarinta ka ɗaure. In babu sai gwaji a kan guntaye, kana matsar da ita kaɗan-kaɗan. Lokacin da ta zauna daidai zaka sani ba sai an faɗa maka ba, hannu zai yi sauƙi, sautin ya koma shuuu a hankali, kuma sassaƙen ya dinga fitowa ta tagar dogo guda ɗaya yana nannaɗewa kamar zare daga kwarkwaro, mai kusurwa uku, jiƙe da mai. Gaskiya ganin wannan abin yana sa ni farin ciki har yanzu, kuma a nan ne na yarda cewa akwatin kansa lafiyarsa lau, rashin kammala aiki ne kawai daga masu yin sa.

Maganar sanda kuma, rabin nasarar a nan take. Sandunan da ake sayarwa a zagaye yawancinsu ba zagayayyu bane da gaske, saboda itace in yana bushewa ƙanƙancewar da yake yi ta zagayen zobensa ta kai kusan ninki biyu na wadda yake yi daga tsakiya zuwa baya, sai sandar ta koma siffar ƙwai ko da ido bai gani ba. Ka auna ta gefe biyu zaka ga bambanci. Irin wannan sandar gefe ɗaya haƙori ya cika gefe ɗaya ya yi fili da yawa. Gara ka samu busasshen katako a juya maka a inji daidai kaurin ramin gaban akwatin, ta shiga ba cijewa ba kuma rawa. Katakon ya zama mai tauri mai matsattsen jiki, jijiyarsa a miƙe daga kai har gindi, itatuwan ƙasashen waje irin su bich da maful mai tauri da ceri da walnot su aka fi sani da wannan aikin. Mai manyan ƙofofin jiki kamar itacen ok yana ɓallewa a ƙananan haƙora, mai taushi kamar itacen fain kuma kar ma ka ɓata lokacinka. Ka jiƙa sandar a mai na wasu kwanaki, man linsid ko farin man nan na ma'adini, bututun roba da aka toshe gindinsa ya isa, man yana tausasa jijiyar saman wuƙa ta yanka maimakon ta fasa. Ka fere kan sandar kaɗan dan ta samu shiga, ka danna ƙasa da ɗan ƙarfi a murɗawar farko har tiredin baya ya kama, daga nan ka daina dannawa ka bar shi ya ja kansa. Kuma dan Allah tsumman da ya sha man linsid kar a dunƙule shi a jefa cikin dusar katako, yana ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta, a shanya shi a buɗe ya bushe ko a tsoma shi a ruwa.

Toh da wannan set ɗin mai inci 1 na yi kilam na katako mai sanda biyu, wato abin matse katakai wuri ɗaya, na yi ƙafar kujera mai kwancewa, na yi abin matse littafi, duk sun yi kyau suna aiki. Mai inci 1 da rabi ma ana yin ƙaramin bayis mai sanda biyu da shi, irin wanda ake kira da sunan Moxon, mutumin Ingila na ƙarni na 17. Inda set ɗin ya gaza shi ne babban bayis. Haƙora 6 a inci yana nufin tsakanin haƙori da haƙori milimita 4.2 ne kawai, kuma sai ka murza sau 6 kafin bakin bayis ya buɗe inci ɗaya, in kana son buɗe inci 4 murɗa 24 kenan, ka dawo kuma 24. Sandar bayis irin ta da kaurinta inci 2 ne zuwa 2 da rabi, haƙora 2 a inci, murɗa 8 ta gama maka wancan aikin. Ga shi ƙananan haƙora a katako ba su da jiki, a jikin sanda kowane haƙori guntuwar jijiya ce ke riƙe da shi, in ya bugu da wani abu sai ya fita. Abin da ya ba ni haushi shi ne ko da ka sayi mafi girma a jerin, kaurin sandar ne ya ƙaru amma haƙoran nan dai 6 ne, kaga ba a warware komai ba. Akwai wani tsari na kamfanin Beall na Amurka da ke amfani da rauta, wato ƙaramin injin sassaƙa mai baki mai juyawa, maimakon wuƙa, bakin rautar yana yanka kwarin kana tura sandar, wannan yana rage ɓallewa sosai, amma shi ma a ƙananan sanduna ya fi ƙarfi.

Shi yasa na ce a haɗa na gida, kuma ba sabon abu bane. Hero na Iskandariyya tun ƙarni na 1 miladiyya ya yi bayanin na'urar yanka macen tiredi a katako, bayanin nasa ma ta fassarar Larabci ya iso mana, wadda Ƙusɗa ɗan Luƙa ya yi a ƙarni na 9. Rumawa da sandar katako mai tiredi suke matse zaitun da inabi, injin ɗab'in Gutenberg na wajen 1450 ma ita ce a tsakiyarsa, sai wajen 1800 aka fara yin injin ɗab'i na ƙarfe zalla. Duk waɗannan mutanen ba kanti suka je ba, kuma abin da Hero ya bayyana kusan shi ne abin da zan faɗa yanzu, sanda mai jagora a gefe ɗaya da ɗan ƙarfen yanka a ɗaya gefen ana turo shi kaɗan-kaɗan da weji, wato guntun abu mai tsukakken baki da ake bugawa ya matse.

Kafin babban, akwai ƙaramar dabarar da kowa ya sani, ka samu bolti ka tsuke bakinsa a giranda ka yanka masa kwari uku ko huɗu a tsaye, ya zama taf. Yana aiki kam, amma dan ka ɗaura boltin ƙarfe a katako ne. Haƙoran bolti sun yi ƙanana, bolti mai lamba M20 tazarar haƙoransa milimita 2.5 ce, M24 milimita 3, ko M30 ma 3.5 ne, ba za su yi sandar katako mai ƙarko ba.

Babban taf ɗin ga yadda nawa yake. Na nufi sanda mai kaurin milimita 50, tazarar haƙori milimita 12, kusurwa digiri 90. Dalilin 90 shi ne haƙorin yana fitowa gajere mai faɗin gindi, zurfinsa rabin tazarar ne wato milimita 6 in an bar shi da tsini, in an bar fili a kai ya dawo kamar 5, alhali a digiri 60 zurfin ya haura milimita 10 a wannan tazarar, dogon haƙori kenan mai saurin karyewa kuma ya cinye cikin sandar. Abin lura kawai 90 yana tura noti waje da ƙarfi kamar zai tsaga shi, dan haka notin ya zama katako mai kauri da faɗi, kar a yi masa rowa. Ramin notin milimita 40 kenan, jikin taf ɗin ma sanda ce ta katako mai tauri milimita 40 ta shiga ramin tana juyawa ba cijewa.

Zanen karkacen shi ne wurin da mutane ke tsoro, kuma takarda ce kawai. Kewayen sanda mai milimita 40 ya kama kusan 126. Ka yanka takarda faɗinta 126, ka sa alama kowane milimita 12 a gefen hagu da na dama, sai ka ja layi daga alamar farko ta wannan gefen zuwa alama ta biyu ta wancan gefen, haka har ƙasa. In ka naɗe takardar a sandar ka manna da gam, ƙarshen kowane layi zai haɗu da farkon na gaba, sai ka ga layi ɗaya ya nannaɗe sandar tun daga sama. Ka tabbata in ka tsayar da sandar layukan da ke fuskantarka suna hawa ta hannun dama, shi ne tiredin da ke ɗaurewa ta dama kamar kowane bolti. Sai ka bi layin da zarto mai ƙashin baya, zurfin kamar milimita 5, ka matse guntun katako a jikin ruwan zarton ya zama birki dan zurfin ya zo ɗaya. Kana yanka kana juya sandar. Wannan tsagar ita ce jagora, duk kuskuren da ke cikinta zai fito a notin, a nan ake kashe lokaci.

Sai katakon jagora, mai rami 40 shi ma, ana ɗaura masa guntun farantin ƙarfe siriri, ruwan tsohon zarto ya yi, ya leƙo cikin ramin ya shiga tsagar nan. Farantin ba a kwance zai zauna ba, sai an karkata mazauninsa daidai da karkatar layin, 12 a cikin 126, digiri 5 da ɗan wani abu. In ka murza sandar farantin na bin tsaga, sandar na tafiya gaba milimita 12 a kowane zagaye. Can gaban sandar kuma ka huda ƙaramin rami mai kusurwa huɗu ya ratsa ta, ka zura ƙarfen yanka da aka gurza bakinsa digiri 90, ka danne shi da weji. Ka matse katakon jagorar a kan katakon da zai zama noti ramukan su kalli juna, ka sa ƴan guntaye a tsakani dan dusa ta samu wurin zuba.

Wannan taf ɗin kankara yake yi ba yanka ba, dan haka ba a gama shi a shiga ɗaya. A shigar farko ƙarfen ya leƙo abin da bai kai rabin milimita ba, ka murza ya ratsa, ka dawo da shi, ka ɗan buga ƙarfen ta baya da ƙaramar guduma ya ƙara leƙowa, ka sake. A kowane zagaye ƙarfen yana bin jijiya sau biyu yana gicciye ta sau biyu, hannunka zai ji wurin sauƙi da wurin tauri, in ka turo ƙarfen da yawa a wurin taurin nan zai yaga ko farantin jagora ya fita daga tsaga. Aiki ne mai cin lokaci ba ƙarya, taf ɗin kanti ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, amma da ka zare shi a ƙarshe ka leƙa ramin ka ga manyan haƙoran nan sun kwanta sumul suna ɗaukar haske, ka san ka samu abin da set ɗin kanti ba zai ba ka ba.

Ƙarfen yankan daga tsohon magagari ake yi, dan ƙarfensa mai yawan kabon ne yana ɗaukar tauri. A gasa shi ya yi ja a binne a toka ya huce a hankali, sai ya yi laushin da wani magagarin zai ci shi, a fitar da siffar. Sannan a mayar wuta har ya yi jan da mayen ƙarfe ya daina kama shi, wannan wajen digiri 770 ne na salshiyos, a ɗan ƙara kaɗan a tsoma a mai, a waje ba cikin ɗaki ba dan man yana iya kamawa. A wannan halin ya yi tauri har yana iya fashewa, sai a goge shi ya yi fari a ɗumama a hankali daga nesa da bakin har launin ruwan kara ya iso bakin, wajen digiri 230 kenan, a kashe. Wasu magagarai masu arha fatarsu ce kawai mai tauri cikinsu laushi ne, ka gwada karya ɗan kan a bayis da tabarau a idonka, na kirki ɓallewa yake yi ƙas, na bogi lanƙwashewa. Wanda ba shi da wurin wuta ya kai wa maƙeri, aikin minti kaɗan ne a wurinsa.

Namijin kuma hanya biyu ce. Tunda kana da taf zaka iya yanka wani notin ka mayar da shi akwati irin na kanti, a nan ne set ɗin da ka saya zai biya ka, dan ka riga ka ga yadda ake zaunar da wuƙa da inda tagar dusa take da yadda gidan gaba ke riƙe sanda, kwafa kawai zaka yi ka girmama. Sai dai kwari mai faɗin wajen milimita 10 ya yi wa wuƙa ɗaya yawa a shiga ɗaya, shi yasa manyan akwatuna na zamanin da wuƙa biyu gare su, ta farko ta ɗebi rabi ta biyu ta ƙarasa, kuma zaunar da biyun su bi layi ɗaya yana son haƙuri. In sanda ɗaya ko biyu kake buƙata ni a ganina yankan hannu ya fi sauƙi. Takardar nan dai, amma yanzu faɗinta 157 tunda sandar 50 ce, tazara 12 ɗin nan ba canji. Ka tsaga da zarto zurfin milimita 5, ka kwantar da gefe biyun da cizal mai kaifi kana barin ɗan fili a kai, ka gyara da magagari mai kusurwa huɗu tunda kusurwarsa 90 ce daidai. Ka shafa fensir a cikin notin ka murza sandar, inda baƙi ya fito nan ke cijewa, ka rage. Kar ka nemi ta matse tsam, ka bar mata ɗan sarari, katako yana kumbura in iska ta yi laima, sandar da ta shiga daidai-wa-daida lokacin bushewa zata iya ƙin motsi gaba ɗaya in damshi ya zo.

Dan haka wanda aikinsa kilam ne da ƙananan kayan ɗaki da abin wasan yara, set ɗin kanti ya ishe shi, ya sayi mai inci 3/4 ko inci 1, ya haɗa da dutsen washi mai laushi a lissafinsa dan ba makawa sai ya wasa wuƙar, in ana sayar da wuƙar canji ma ya ɗauki ɗaya ya ajiye. Mai rabin inci ban ba da shawararsa ba sai in ado za a yi, sandar ta yi siririya tana murɗewa a hannu kafin a gama yanka. Wanda kuma bayis yake so ya tafi kai tsaye ga na gida, ko ya sayi ƙaramin set ɗin dan koyo kawai. Kowanne ka yi, bayan man ya bushe ka goga kakin zuma ko kyandir a haƙoran, kar ka sa fenti ko banish dan suna sa mannewa, in wani haƙori ya nuna alamar ɓallewa ka ɗiga masa sufa gulu mai ruwa-ruwa ya tsotse ya bushe sarai kafin ka mayar da sandar cikin noti.